Karatun Likita Ba Shi Da Sauka

 

Maganar da na ke so mu duba yau ita ce ta karatun likita bayan ya fita makaranta ya kama aiki. Ra'ayina a kanta shi ne, likitan da ke duba masu doguwar cuta, watau irin cutar da kan zauna da mutum shekara da shekaru, kamar hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya, karatu biyu ne su ke wajaba a kansa har iyakar aikinsa. Na farko shi ne bin abin da ya sabunta cikin sanin magani. Na biyu shi ne sanin mutanen da ya ke yi wa maganin: harshensu, da cimarsu, da sana'arsu, da ibadarsu. Na farkon hukuma ta riga ta ɗora masa shi. Na biyun kuwa an bar shi ga ganin dama, alhali sau da yawa a nan ne magani mai kyau ya ke lalacewa a hannun majinyaci.

Mu mutanen allo ba baƙi ba ne ga wannan magana. Yaro ya kan yi sauka, a yi walima, a ci a watse, amma ba wanda zai ce ya gama. Sauka ƙofa ce ta shiga hadda, hadda kuwa ba ta zama sai da tilawa. Alaramman da ya bar tilawa shekara guda, ran da aka zauna musaffa sai yara su riƙa yi masa gyara. To, mu ke nan da abin da mu ke tsarewa ba ya sakewa, ko wasali ɗaya ba a ƙara masa, ba a rage masa. Ina ga likita, wanda littafin da ya karanta bara, bana an goge wani babi nasa an rubuta wani? Mu mantuwa kaɗai mu ke tsoro. Shi kuwa ga mantuwa ta baya, ga sabon sani yana tsere masa ta gaba.

Magabatanmu ma haka suka ɗauki al'amarin. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, kabarinsa kuma yana nan Gwandu, ya wallafa littafi musamman, Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya ɗauki karatu gare su, da abin da ya karanta wurin kowanne, domin a san ilmi yana da silsila. Shi ne kuma ya rubuta Masalihul Insani, ya haɗa gyaran addinin mutum da gyaran jikinsa wuri guda. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da nauyin mulki da na yaƙi a kansa, bai fasa duba littattafan magani ba, har ya yi rubutu a kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko. Can Bagadaza kuwa, a shekara ta 931, watau 319 ta Hijira, da wani mutum ya mutu saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin magani sai Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba shi ya ba shi izini. Aka jarraba mutum sama da 800. Ashe tsare sana'ar likita da jarrabawa da ijaza gadonmu ne tun kafin zuwan Turawa.

A ƙasarmu yau, majalisar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori, wadda dokarta ta fara aiki a 1963, ita ce mai ba da takardar izinin aiki, kuma kowace shekara a ke sabunta ta. Daga cikin sharuɗɗan sabuntawa akwai cewa likita ya kawo shaidar ya ƙaro karatu, ya tara maki 20 ta wajen halartar darussa da tarurrukan ƙara wa juna sani. Lalle wannan doka ce mai kyau, Allah Ya saka wa waɗanda suka kafa ta. Sai dai maki lissafin zama ne a ɗakin taro. Ɗan kasuwa kuwa ya san bambancin buhun da aka ƙidaya da buhun da aka kwance aka ga abin da ke ciki. Abin tambaya shi ne, me a ke karantawa cikin waɗannan sa'o'i, kuma amfaninsa yana isa ga tsohon da ke Dalijan ko Kambaza, ko Diggi ko Dangoma?

Ku sani doguwar cuta dabam ta ke da cututtukan da muka saba. Zazzaɓin cizon sauro ya kan zo, a sha magani kwana uku, a miƙe. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum na cin kasuwarsa, jininsa ya haura awo 140 bisa 90 shekara biyar bai sani ba, sai ranar da ya faɗi ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza, a ce iska ta buge shi ko an yi masa jifa. Wani lissafi da masana suka tattara suka buga a 2021 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya yana da hawan jini, waɗanda suka san suna da shi kuwa ba su kai sulusin masu shi ba. Irin wannan cuta, likita ya kan ga mai ita 'yan mintoci a wata. Sauran kwanakin duka majinyaci ne likitan kansa, shi da mai dafa masa abinci. In bai gane ba, ko bai yarda ba, ko abin da aka faɗa masa bai dace da zamansa ba, an yi ba a yi ba.

Bari in kawo misali uku na yadda sanin likita ke sakewa, dukansu kuwa sun shafe mu.

Na farko, maganin hawan jini. An daɗe ana gwada waɗannan magunguna galibi a kan Turawa, a kawo mana hukuncin. A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka 6, a kan baƙar fata 728, wanda Dokta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta, Kano ma tana cikin wuraren da aka yi shi. Aka gwada haɗi uku na ƙwayoyi bibbiyu. Sai aka ga haɗin da ke da ƙwayar amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin mutanenmu bisa haɗin da babu ita. Likitan da ya rufe littafi kafin wannan shekara yana iya ci gaba da rubuta haɗin da ya fi rauni, majinyaci na biyan kuɗi, jini bai sauka yadda ya kamata ba.

Na biyu, allurar insulin ta masu ciwon sukari. Tun da aka gano ta a Kanada a 1921, abin da a ke koyarwa shi ne zafi na lalata ta, a ajiye ta cikin sanyi. Saboda haka likita ya kan ji nauyin rubuta ta ga mutumin ƙauye da ba shi da firji, ba shi da lantarki. A 2021 masana na Jami'ar Jeniba, tare da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, suka nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke kai da komowa tsakanin awo 25 da 37, irin na wani sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Kenya inda suka yi awo. Gaskiya ne bazararmu ta kan wuce 40, amma tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa tana rage zafi ƙwarai, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Sanin wannan kaɗai ya isa ya zama sanadin rayuwar yaron da dā za a sallame shi ba magani.

Na uku ya fi kusa da ɗakunan iyalinmu. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka yi bayani a kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Suka danganta shi da wankan jego, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Wannan bayani ya shiga littattafai, aka yi ta karantar da shi. A 2020 kuwa aka buga wani bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci masu yawa na Nijeriya, a kan mata 406 masu wannan ciwo. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatu da sana'a, da hawan jini na lokacin goyon ciki. Al'adun jego ba su fito a matsayin sanadi ba. Ku dubi bambanci. Likitan da ya tsaya ga tsohon karatu zai ga mai jego ta kumbura, ya fara da yi wa kakar jariri faɗa, tsohuwa ta ji kunya ta kwashe 'yarta ta mayar gida. Wanda ya bi karatu kuwa zai tambayi abin da matar ke ci, da yadda jininta ya kasance lokacin ciki, sa'an nan ya roƙi tsohuwa cikin ladabi ta rage kanwa, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jikin mai raunin zuciya.

To, mu komo ga karatu na biyu, wanda babu shi cikin littafin Ingila ko na Amurka.

Farkonsa harshe. Asibitocin jiharmu, tun daga babban asibitin Kalgo, da asibitin tunawa da Sarkin Gwandu Yahaya da na tarayya a Birnin Kebbi, har zuwa na Gwandu, suna karɓar likitoci daga sassan ƙasa dabam-dabam, har da matasa masu hidimar ƙasa ta shekara guda. Sun bar garuruwansu sun zo yi mana aiki, godiyarsu ta wajaba. Amma ko wanda ya ji Hausa sai ya koyi Hausar majinyaci. In ka ce wa Bahaushe, "Yaya jiki?" zai ce, "Da sauƙi," ko da da ƙyar ya ke numfashi, domin wannan amsa ladabi ce da godiya ga Allah. Sai an sake tambaya ta wata hanya: yana iya zuwa masallaci da ƙafarsa? Sau nawa ya ke tashi fitsari da dare? Yana iya kwanciya miƙe, ko sai ya jingina? In ya ce basir, yana iya nufin abu goma, tun daga tsiro har kasala da ciwon baya. In mace ta ce sanyi, haka nan. Kuma mace ba ta faɗin abin da ke damun mama ko mara gaban surukinta, ko gaban ɗanta na fari da aka sa ya yi tafinta. Za ta ce ciwon kai ne, ta karɓi magani ta tafi da cutarta. Ga kuma Fulani da Zabarmawa da Dakarkari, kowa da irin kunyarsa da sunan da ya ke kiran cuta.

Na biyu cima. Sau da yawa a kan ce wa mai ciwon sukari ya bar tuwo da fura da kunu, ya koma alkama da acca da wake kaɗai. Mutumin da rumbunsa gero ne da dawa da shinkafa, akushi ɗaya kuma ya ke ci da ƙannensa, yaya zai yi da wannan umarni? Zai riƙe mako biyu, sa'an nan ya yar da shi, ya yar da magani tare, ya ji kunyar komawa asibiti. Alhali abin da masana su ke koyarwa yau shi ne gwargwado: a rage malmala, a yawaita miyar ganye, zogale da rama da kuka da kuɓewa, a sha fura da nono ba sukari, a bar lemon kwalba da shayi mai zaƙi. Alkama ma tana ta da sukari in an cika ciki da ita. Game da gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, watau kamar ƙaramin cokali guda, da na miya da na dunƙule da na kilishi duka a ciki. Wannan magana uwargida ce ta kamata ta ji ta, don ita ke riƙe da ludayi.

Akwai kuma zancen zuma, inda likita zai yi tuntuɓe in bai yi hattara ba. In ya ce zuma guba ce, majinyaci zai ƙi maganarsa gaba ɗaya, domin ya san falalarta daga nassi. In ya yi shiru, mutum zai riƙa shan ludayi guda kowace safiya da niyyar waraka, sukari ya hau. Amsar tana cikin littattafanmu. Ibnul Ƙayyim ya bayyana cewa magani ba ya amfani sai ya dace da cutar da mai ita, an kuma sha shi da gwargwado. Zuma tana da falala, tana kuma ta da sukarin jini. Mai wannan cuta sai ya kiyaye.

Na uku sana'a. Falken da ke kai albasar Aliero da ta Gwandu zuwa Ikko ko Fatakwal, ko mai ƙetarawa Kamba zuwa Gaya, ya kan yi kwanaki a hanya. In aka ba shi ƙwayar da ke sa yawan fitsari ba a tambayi aikinsa ba, ran da ya hau bayan mota zai ajiye ta. In aka ba shi ta mako biyu, za ta ƙare masa a baƙon gari. In gajiya ta kama shi, sai ya sayi ƙwayar ciwon jiki wurin mai talla, alhali yawan shan irinsu dikilofenak yana ta da jini yana cin ƙoda. Likitan da ya tambaya, "Alhaji, yaushe ne tafiya?" shi zai zaɓi ƙwayar da a ke sha sau ɗaya a yini, ya ba da wadda za ta kai shi ta komo da shi.

Na huɗu ibada. Ciwon sukari ya kan kashe jijiyoyin ƙafa, har ƙaya ta soki mutum, ko ƙasa mai zafi ta ƙona shi bai ji ba, gyambo ya kafu, ƙarshe a yanke ƙafa. Littafin likita ya ce majinyaci ya duba ƙafarsa kullum. Mu kuwa muna wanke ƙafa sau biyar muna tsettsefe yatsu. Likitan da ya san alwala sai ya ce, "Baba, in ka zo wanke ƙafa ka duba tafinta da tsakanin yatsu, ka tsane su, kada ka taka waje ba takalmi, kada kuma aska ta taɓa ƙafar nan." In akwai rauni da aka ɗaure, shari'a ta yarda da shafa bisa ɗauri, ba sai an jiƙa shi ba.

Mafi girman mas'ala cikin wannan babi ita ce azumi. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 game da azumin 2001, a kan mutum sama da 12,000, ya nuna kashi 79 cikin 100 na masu ciwon sukari irin na manya sun azumci aƙalla kwana 15, haka nan kashi 43 na masu irin da ba ya zama sai da allura, faɗuwar sukari mai tsanani kuma ta ninka sau da yawa cikin watan. Watau ko likita ya hana ko bai hana ba, mutane za su yi azumi. Wanda aka ce masa kada ya yi, ba bayani, zai yi a ɓoye, ya sake lokacin maganinsa da ka, ko ya shanye na yini duka da sahur. Akwai wata tsohuwar ƙwaya, gilibenkilamid, wadda aka fi sani da Daonil, tana iya kayar da sukari da la'asar har mutum ya suma, alhali tana da 'yan'uwa da suka fi ta sauƙi ga mai azumi. Ƙwayar fitsari ta hawan jini kuwa, a azumi irin na 2021 da 2022 da ya faɗo tsakiyar bazara, tana iya ƙarar da ruwan jiki.

Masana ba su yi shiru a kan wannan ba. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya, tare da likitoci na ƙasashen Musulmi, ta fitar da littafin jagora a 2016, ta sabunta shi a 2021. Ya ce a duba majinyaci mako 6 zuwa 8 kafin azumi, watau cikin Rajab, watan azumin tsofaffi, a auna haɗarinsa, a gyara masa lokacin magani da yawansa. Ya ce mai azumi ya sha ruwa nan take in sukarinsa ya sauka ƙasa da 70, watau 3.9 a ɗaya lissafin, ko ya haura 300, watau 16.6, ko ya ji rawar jiki da gumi da ruɗewa. Ta wajen shari'a kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi. A zamanta na Sharja a 2009 ta kasa masu ciwon sukari kashi huɗu, ta ce kashi biyu masu tsananin haɗari wajibi ne su sha ruwa. Wannan bai saɓa wa abin da muka karanta cikin Risala da Muhtasar ba: an yi wa mara lafiya rangwame, in kuwa ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ruwa ya zama wajibi a kansa. A mazhabarmu kuma ƙaho ma ba ya karya azumi, balle ɗigon jini daga ɗan yatsa domin gwaji.

To, ga inda gizo ke saƙa. Malam ya san hukunci, amma hukuncin ya rataya ne ga maganar likita masani amintacce. Likita ya san haɗari, amma majinyaci ba ya sakin azumi sai malam ya ce masa ba zunubi. Kowanne yana riƙe da rabin amsa, ba su kuwa cika haɗuwa ba. Majinyaci ne ke faɗawa tsakaninsu.

Na san za a ce likitocinmu kaɗan ne, layi ya yi tsawo, wasu ma sun tafi Saudiyya da Ingila, ina lokacin wannan duka? Amsa ita ce, tambaya uku da aka yi daidai cikin Rajab sun fi sauƙi bisa kwana goma kan gadon asibiti cikin Ramadan, ga likita da majinyaci duka. Za a ce kuma girmama al'ada shi ne barin mutane kan abin da ke cutar da su. Ba haka ba ne. Sanin al'ada shi ke ba likita ikon kasa ta uku. Akwai mai taimako, kamar addu'a da alwala da gaida mara lafiya, sai ya ƙarfafa ta. Akwai wadda ba ta cutarwa, kamar son mace ta duba mace, sai ya bi ta in da hali. Akwai mai cutarwa, kamar yar da ƙwaya don an sha jiƙo, ko yin sakiya a ƙafar mai sukari, sai ya hana ta da hikima. Wanda bai sani ba shi ke haɗa su duka ya yi musu kuɗin goro.

Wani abin lura kuma, wasu darussan kamfanonin magani ne ke ɗaukar nauyinsu, ɗan kasuwa kuwa ya sani mai kaya ba ya kushe kayansa. Likita ya saurara, amma ya auna da aljihun majinyaci. Ƙwaya mai araha da za a sha shekara goma ba yankewa ta fi mai tsada da za a sha wata biyu a daina.

Saboda haka ga abin da na ke roƙo. Ɗaya, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da ƙungiyar likitoci reshen jiha su sa wani kaso na makin nan 20 ya zama na doguwar cuta bisa zaman mutanen ƙasar nan, su nemi majalisar likitoci ta amince da shi. Biyu, kowane Rajab a yi zama a Kalgo, inda ga asibiti ga kuma mazaunin Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, a yi wani a Gwandu, likitoci da limamai da masu tafsiri wuri guda. Likita ya karantar da awo da alamu, malam ya karantar da hukunci, a tashi da magana ɗaya. Uku, kada a bar masu jinya da ungozoma da malaman asibiti na ƙauyuka a baya, don su ne majinyaci ya ke fara gani. Huɗu, baƙon likita a ba shi 'yan kwanaki na koyon sunayen cuta da ladubban tambaya kafin a ba shi ɗaki. Biyar, takardar bayanin magani a rubuta ta da ajami tare da boko, domin dattijai da yawa da a ke lissafawa cikin marasa karatu suna karanta ajami sarai.

Mu ma akwai namu nauyin. Ya ku malamai, kada mu ba mai doguwar cuta fatawar azumi sai mun tambaye shi abin da likita ya ce. Kada mu ce wa wanda muka yi wa addu'a ya ajiye ƙwayarsa, domin neman magani yana cikin tawakkali. Mu bayyana wa tsofaffi cewa wanda ya karɓi rangwamen da Ubangijinsa Ya yi masa bai yi abin kunya ba, a gida kuma kada a yi masa gori. Ya ku 'yan kasuwa, shugabanninku su nemi ma'aikacin lafiya ya zo da abin awon jini ranar kasuwa. Ku yi hattara da mai lasifika da ke cewa kwalba guda tana raba mutum da hawan jini da sukari har abada. Waɗannan cututtuka galibi riƙe su a ke yi, kamar yadda a ke riƙe doki da linzami. In kun je gaban likita, ku faɗa masa gaskiyar abin da ku ke sha na gargajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku kuma tambaye shi abin da ba ku gane ba, ku zo da mai dafa muku abinci ta ji da kunnenta.

Ku kuma likitoci, 'ya'yanmu da ƙannenmu, mun san wahalar da kuka sha kafin ku sami takarda, mun san kuma wadda ku ke sha yanzu dare da rana. Ku riƙe littafi, ku riƙe tambaya. Wanda ya zauna ya ji yadda majinyaci ke zaune, da abin da ya ke ci, da abin da ya ke tsoro, darajarsa ƙaruwa ta ke yi wurin Allah da wurin mutane.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa likitocinmu sani da haƙuri, Ya nuna mana Ramadan da rai da lafiya. Haza wasalam.